Tsohon Babur Ba Gwangwan Ba Ne

Duk wanda ya tsaya a Bata da hantsi, inda hanyar Fagge ta haɗu da ta Sabon Gari, zai ga babura iri-iri suna kutsawa tsakanin motoci da 'yan adaidaita-sahu: Bajaj ta Indiya, Jincheng ta China, da sauran ire-irensu. Abin da ba zai gani ba, sai da ƙyar, shi ne Vespa ko Honda CD175, baburan da ma'aikatan Kano suka yi yayi bayan an biya kuɗin Udoji a 1975. Da yawansu ba lalacewa suka yi ba. 'Ya'yan masu su ne suka kira ɗan gwangwan ya auna su a sikeli, ya biya kuɗin ƙarfe. Wannan asara ce, kuma yawancin masu yin ta 'yan boko ne da ya kamata su fi kowa sanin abin da suke zubarwa.

Hujjarsu ita ce tsohon babur wahala ne. To a duba wahalar. Babur da ya shekara ashirin a jingine a soro, cutarsa sananniya ce. Fetur ya bushe ya toshe kafireta, tanki ya yi tsatsa, fulogi ya mutu, wayoyi sun ƙage, robobi sun tsattsage. Kafireta ana kwance ta a wanke, a hure ƙofofinta. Tanki ana zuba masa ƙananan notina a girgiza har tsatsar ta saki. Wutar CD175 ta kwantak ce, wadda ake gogewa a daidaita tazararta da hannu, saɓanin akwatin CDI na baburan yanzu da idan ya ƙone sai dai a jefar. Idan silinda ta cinye, mai injin yanka ƙarfe zai faɗaɗa ta da milimita 0.25, a sa fistin da ringi masu girman da ya dace. Duk wannan, ban da faɗaɗa silinda, mutum zai iya yi a garejin gidansa da sifana da sukudireba da haƙuri.

Gaskiya ne kayan gyara na asali sun yi wuya, kuma jabu sun cika kasuwa. Gaskiya ne kuma Vespa, da ake gauraya mata baƙin mai da fetur, tana hayaƙi, kuma ba ta kai sababbin babura tattalin mai ba, abin da ba a rainawa tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023. Amma ba wanda ya ce a mai da ita abin hawan kullum. Batun kayan gyara kuwa, daga Bata zuwa shagunan France Road tafiyar ƙafa ce, ga kuma Ƙofar Ruwa inda tsofaffin ƙarafa ke taruwa. Abin da ke ƙarewa da gaske shi ne masu sani. Tun da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaɓa a Janairun 2013, kanikawan babur da dama suka koma gyaran adaidaita-sahu, yaran da ke tasowa kuma canza kaya suke koya, ba gyara su ba. Dattijon da ke gane ciwon inji daga ƙararsa, idan ya kwanta dama, iliminsa ya bi shi.

A nan ne laifin 'yan boko ya fito fili. Mutum zai yi digiri a fannin injiniya a Jami'ar Bayero, ya yi ta ƙorafi a taro cewa Nijeriya ba ta ƙera komai, amma yana jin kunyar a ga baƙin mai a farcensa. Soichiro Honda kuwa yaron gareji ne a Tokyo kafin ya kafa kamfaninsa a 1948, kuma ya fara ne da liƙa ƙananan injina a jikin kekuna. Ƙaramin babur ɗinsa, Super Cub, da ya fito a 1958, an ƙera guda miliyan 100 zuwa 2017. Ƙasar da ke raina mai kwance inji ba za ta haifi mai ƙera shi ba.

Don haka duk wanda ke da baburin mahaifinsa a lulluɓe da buhu, kada ya sayar da shi a kilo. Ya ware ranar Asabar, ya ɗauki hoton kowane sashe kafin ya kwance, ya zuba notinan kowane ɓangare a gwangwaninsu daban. Ya nemo tsohon bakanike a Fagge, ya biya shi kuɗin koyarwa kamar yadda yake biyan malamin lesin na 'ya'yansa, ya kuma zaunar da yaran kusa su riƙa miƙa sifana. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ranar da injin ya amsa kik, gidan ya sami babur, ya kuma sami yaro da ya san abin da ke cikin ƙarfe.