Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Auna Motarka Kafin Ka Sayi Amalanke

Kaka ta gabato, kowa kuma ya san abin da kan biyo bayanta. Amfani ya nuna a gona, saura ɗauko shi zuwa gida ko kasuwa, nan ne kuwa riba takan zube. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya cikin watan Mayu na 2023, kuɗin dako ya zama abin da manomi ke kwana da shi a rai. Saboda haka masu ƙananan motoci, manoma da 'yan kasuwa da akawunan da ke noma ran Asabar da Lahadi, suna ta shawarar sayen amalanken mota, watau ƙaramar tirelar nan mai ƙafa biyu da akan ɗaura a bayan mota a ja. Dabara ce mai kyau. Amma fa akwai wurin da akan yi kuskure, shi muke so mu tattauna yau.

Kuskuren shi ne mutum ya dubi yawan buhunansa, sa'an nan ya tafi wurin mai walda ya ce a ƙera masa wadda za ta kwashe su a sawu ɗaya. Mu a ganinmu an fara daga wutsiya ke nan. Motar da za ta ja ita ce za ta faɗi girman amalanke, aljihu ya biyo baya, yawan buhu ya zo na ƙarshe. Wanda ke da jaki ba ya sayen amalanken shanu don dawarsa ta yi kyau bana.

Ba mu ne farkon jan kaya da ƙaramar mota ba. A Ingila da Jamus da Holan mutane kan ja wani ɗaki mai ƙafafu a bayan motocinsu, da gado da murhu a ciki, su tafi hutu su kwana inda dare ya yi musu. Masu irin wannan ɗaki a Ingila suna da ƙungiya tun 1907, sun kuma daɗe suna koyon abin da mota ke iyawa da abin da ya fi ƙarfinta. Shi ya sa za ka ga motocin hannu da yawa da ake kawo mana daga Turai suna da ƙugiya mai kai kamar ƙwallo a ƙarƙashin bamba ta baya. Tun da motocinsu muke hawa, ya kamata mu san ƙa'idodin da suke bi.

Ƙa'ida ta farko a jikin motarka take. Motocin Turai suna da wani ɗan allo ko takarda manne, a cikin bonet ko a jikin ƙofa, mai lambobi huɗu a jere. Ta farko ita ce iyakar nauyin motar da mutane da kayan cikinta. Ta biyu ita ce iyakar nauyin mota da abin da take ja gaba ɗaya. In ka ɗebe ta farko daga ta biyu, abin da ya rage shi ne kimanin abin da maƙeran motar suka yarda ta ja. Wanda bai iya duba wannan ba ya nemi akawu ko bakanike ya duba masa. Aikin minti biyu ne.

Ƙa'ida ta biyu ta birki ce, ita ce kuma ta fi muhimmanci gare mu. A dokar Ingila, amalanken da ba shi da birkin kansa ba zai wuce kilo 750 ba duk da kayansa, kuma ba zai wuce rabin nauyin motar da ke jansa ba. In yana da birki, irin wanda ke kamawa da kansa sa'ad da amalanken ya tunkuɗi mota daga baya, shawarar da suke ba sabon shiga ita ce kada ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar.

To, bari mu yi lissafi da buhu, yadda kowa zai gane. A ɗauka motarka tana da nauyin kilo 1,200 ba kowa a ciki. Rabinsa kilo 600 ke nan. In amalanken kansa ya ci kilo 200, saura 400, watau buhun masara huɗu masu kilo 100, ko buhun taki takwas masu kilo 50, ko duro biyu na ruwa masu lita 200. In kuwa mai birki ne, iyaka ta zama kilo 1,020. A ce shi ya ci 320, saura buhun masara bakwai, muddin allon jikin motar ya yarda. Yawancin waɗanda masu walda ke ƙerawa a garuruwanmu ba su da birki, saboda haka lissafin farko shi ne naka.

A nan ne za a ga illar ƙarfe mai kauri. Mutanenmu suna son abu mai nauyi, wai shi ne mai ƙarko. Amma duk kilo ɗaya da ka ƙara a jikin amalanke, ka rage kilo ɗaya ne daga hatsin da za ka ɗauka. Amalanken da ya kai kilo 400 fanko ya bar maka buhu biyu kacal, ga shi ka biya kuɗin ƙarfen da zai riƙa shan manka kullum. Kafin ka biya, a kai shi sikeli ka san nauyinsa.

Wani zai ce, ai motata tana ja, na gwada da buhu goma ta tafi. Gaskiya ne za ta ja. Ja ba shi ne wuya ba, tsayawa ce wuya. Birkin da aka yi don ya tsai da mota ita kaɗai, in an haɗa masa da wani tan ɗaya yana turi daga baya, ranar da yaro ko saniya ta gitta ba zai ishe ka ba. Wanda ya taɓa gangarowa ta Hawan Kibo ya san abin da muke nufi. Wani kuma zai ce sawu ɗaya ya fi sawu biyu sauƙin mai. Haka ne, amma a sa kuɗin kuloci da giya da inji a lissafin. Kada a manta kuma an tsara lambobin nan ne a ƙasashen sanyi masu kwalta. Mu nan da bazara zafi kan wuce digiri 40, ga rairayi ga ramuka a hanyar gona, lagireto na tafasa. Mai hankali ya tsaya ƙasa da iyaka, kada ya kai bakinta.

Sai batun aljihu. Kada ka zuba duk kuɗinka a jikin amalanken. Shawararmu ka ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu don abubuwan da ke tafiya da shi. Akwai ƙugiya, wadda tilas a ɗaure ta da kusoshi a jikin ƙarfen gindin mota, ba a liƙa ta da walda a bamba ba. Ƙwallon ƙugiyar Turai faɗinsa milimita 50 ne, na Amurka dabam ne, don haka a tabbata bakin amalanke ya zauna daram a kansa. Akwai sarƙar da za ta riƙe shi in ƙugiya ta kwance. Akwai fitilun baya da na birki da sigina, domin amalanke kan rufe na mota. Akwai tamfol da igiya. Akwai taya ta ajiya. Dabara mai rage kuɗi ita ce a sa wa amalanke ƙafafu irin na motarka daidai, yadda taya ɗaya za ta yi wa duka biyun, kuma boris ɗinsa ba zai yi wuyar samu a kasuwa ba.

A kula da taya ƙwarai, gama nan ne masu neman araha kan faɗa. A gefen kowace taya akwai lambar da ke nuna nauyin da take ɗauka: mai 82 kilo 475 ce, mai 91 kuwa kilo 615. Akwai kuma lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya, ko da zanenta bai cinye ba, takan fashe da zafi da nauyi.

Yadda za a jera kaya ma ilmi ne. A sa mai nauyi a kan ƙafafu, ya ɗan rinjaya gaba kaɗan, yadda bakin amalanke zai danne ƙugiya da kamar kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyinsa. Ga mai kilo 600, kilo 30 zuwa 42 ke nan, bai kai buhun taki ba. In nauyi ya koma baya, amalanke zai riƙa kaɗa wutsiya har ya juyar da mota. In hakan ta faru, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari sosai, kada ka danna birki da ƙarfi. A Ingila mai jan amalanke ba ya wuce mil 50 a awa, watau kilomita 80, a hanyar da ba a raba ta biyu ba. A hanyoyinmu rage ƙasa da haka. Kada kuma a ɗora mutum a kai, ko ɗan ƙodago ne ya roƙa.

Akwai wanda ma bai kamata ya saya ba. In amfaninka buhu 100 ne, kuma sau ɗaya a shekara za ka kai Dawanau ko Saminaka, haɗa kai da maƙwabta ku ɗauki shatar babbar mota. In hanyar gonarka rairayi ce ko laka, amalanken shanu ya fi maka. Amalanken mota na mai zirga-zirga ne da ɗan kaya kowane mako: taki yau, kayan lambu gobe, ruwa jibi.

Manomi ya san ba a ɗora wa maraƙi garmar bijimi. Mota ma haka take, sai dai ita ba ta durƙusawa ta nuna maka ta gaji, sai ranar da ta bar ka a daji da buhunanka. Duba allon motarka, yi lissafinka da buhu, sa'an nan ka tafi wurin mai walda. Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya kai mu gida lafiya da abin da muka noma.