Kama da wane ba ta wane: Tsakanin tafasa da rai-ɗore

Da zarar ruwan damina ya zauna, bayan gida da kangwaye da gefen hanya sai su yi kore shar. Ɗan birni yana kallon wannan a matsayin ciyawa da ta isa a nome ko a yi mata feshi. Tsohuwar da ta tashi a karkara kuwa tana ganin abinci da magani: ga tafasa ta kwaɗo, ga lalo na miya, ga gasaya, ga ɗaɗɗoya da ake ƙona ganyenta don korar sauro, ga nonon kurciya da iyayenmu ke dafawa idan atini ya kama mutum.

Wannan ilimi tsoho ne, kuma baƙi sun daɗe da gane darajarsa. Tun a 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya wallafa littafi guda a kan sunayen tsirrai da Hausa. A 2015 kuma aka bai wa Tu Youyou, 'yar ƙasar Sin, kyautar Nobel saboda maganin zazzaɓin cizon sauro da ta samo daga wani ganye da kakanninta suka daɗe suna jiƙawa. Ashe mai raina ciyawa bai san ta ba ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne yadda tsadar magani ta mayar da jama'a ga ganyaye, alhali tsofaffin da suka san su suna ƙarewa. Mun gaji sunayen, amma ba mu gaji sanin ba. Yau malaminmu shi ne saƙon murya a WhatsApp, wanda ba a san wanda ya naɗe shi ba, yana cewa a tsinko kaza a dafa a sha kofi uku.

Ɗauki tafasa da rai-ɗore. 'Yan gida ɗaya ne, furensu rawaya, sukan fito wuri guda. Ganyen tafasa uku-uku ne a kowane gefe, bakinsu a zagaye. Na rai-ɗore sun fi yawa, bakinsu da tsini, ga wari idan an murza. Tafasa ana cin ta a ƙoshi, amma 'ya'yan rai-ɗore suna lalata hanta, har an danganta mutuwar yara da dama a arewacin Indiya da cin su. Kama da wane ba ta wane.

Haka zaƙami, wanda 'ya'yansa ke gusar da hankali, wani lokaci har da rai. Haka tumfafiya, wadda ƙaronta kan yi wa ido mummunan lahani. Haka bini-da-zugu da muke shinge da shi, yara su ɗauki 'ya'yansa kamar gyaɗa, su kwana suna amai da gudawa. Duk waɗannan Bahaushe yana magani da su, amma a hannun wanda ya san sashen da ake ɗiba da gwargwadon da ake sha.

Wurin tsinka ma abin dubawa ne. Bayan gidan da kakarmu ta sani babu maganin feshi a cikinsa, babu baƙin mai, babu ruwan kwata. Ganyen da ya sha waɗannan, ko na ƙwarai ne, ya tashi daga magani.

Shawarata uku ce. Kada mu sha abin da ba mu tabbatar da shi ba a gaban masani, ido da ido. Kada mu gwada ganye a kan mai juna biyu ko jariri ko mai ciwon ƙoda. Idan kuma zazzaɓi ya kama yaro, a je a auna jininsa tun da wuri, kada garin neman gira a rasa ido.

Ga ɗalibanmu kuwa, musamman masu karatun haɗa magunguna da ilimin tsirrai, ga aikin hutu: ku ɗauki littafi da waya, ku bi kakanninku bayan gida, su nuna, ku rubuta. Ciyawar za ta sake fitowa baɗi. Mai nuna ta ce ba mu da tabbacin samu.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.