WA YA SA SUNAN, WA YA CIRE SHI? Magana kan lis ɗin da muke tarawa a ƙauyukanmu



Yau ba abokan hamayya zan taɓa ba, kanmu zan taɓa. Wanda abin ya sosa ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Daminar bara an ce mu kawo sunayen manoma za a ba da taki da rangwame. Ni da kaina na zagaya ƙauyuka uku a kan babur, na rubuta suna da lambar waya da lambar NIN. A cikinsu akwai wani dattijo da ke noma 'yar gonarsa ta gado, gero da wake, wadda ba ta kai eka biyu ba. Ranar rabo ya zo tun da hantsi, ya zauna a gindin darbejiya har la'asar. Da aka karanta lis, babu sunansa. Amma akwai sunan wani yaro da na san rabonsa da riƙe fartanya tun yana firamare, yana can birni yana tuƙa adaidaita sahu.

Dattijon nan bai yi faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ba kai ka rubuta ni ba?" Na ce ni ne, Baba. Ya ce, "To wa ya goge ni?" Wallahi ban da amsa. Na tambayi wanda na miƙa wa takardar, ya ce shi ya kai shagon kwamfuta yadda na ba shi. Mai shagon ya ce takardu huɗu aka kawo masa ya haɗe su wuri ɗaya. Wanda ya karɓa daga shagon ya ce daga sama aka rage. Kowa ya wanke hannunsa, kuma ba wanda za ka ce ya yi ƙarya, domin lis ɗin kansa ba ya ɗauke da wata alama da za ta nuna inda kowane suna ya fito.

Wannan ciwo ba na ƙauyenmu ba ne kaɗai. A watan Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ke jagoranta, ta ce ba ta gamsu da sahihancin rajistar talakawa ta ƙasa ba, ta nemi jihohi su tattara tasu. Kun ga ke nan har a Abuja tambayar Baba ake yi: wa ya sa waɗannan sunaye, kuma da wace hujja?

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, akwai masana da suka shafe shekaru suna nazari a kan wannan tambaya. Tun 1970 wani masani a kamfanin IBM, Edgar Codd, ya tsara yadda za a riƙa ajiye bayanai a jadawali, layi-layi, a kuma riƙa yi musu tambaya, kamar a ce wa kwamfuta ta fito da duk manomin da ke mazaɓa kaza mai rajista. A kan wannan tsari galibin rumbunan bayanai na bankuna da hukumomi suke tafiya. Sai dai kwamfuta za ta ba ka amsa ba tare da ta faɗa maka inda ta samo ba. A 2001 wasu masana uku a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, Peter Buneman da Sanjeev Khanna da Wang-Chiew Tan, suka raba matsalar gida biyu. Ta farko, me ya sa wannan suna ya fito a amsar? Ta biyu, daga wace takarda aka kwafo abin da ke rubuce a gaban sunan? A 2007 kuma Todd Green da Grigoris Karvounarakis da Val Tannen suka nuna yadda kowace amsa za ta iya tafiya da tarihinta ta hanyar lissafi, a san ko hujjoji biyu ne suka haɗu dole kafin ta fito, ko kuwa kowace ɗaya ta isa ita kaɗai.

Kada sunayen Turawa su ruɗe ku, bari in sauko da shi ƙasa. A ce lis ɗin mazaɓa ya haɗu daga takardar mai unguwa, da ta ƙungiyar manoma, da ta shugaban akwati. Idan kowane suna yana ɗauke da alamar takardar da ya fito, ranar da aka gano ɗaya daga cikin takardun nan cushe ce, ba sai an yaga lis ɗin gaba ɗaya ba. A zare waccan takarda a gani: sunan da ita kaɗai ta riƙe shi zai faɗi, wanda yake da wata shaidar zai tsaya. Mai gaskiya ba zai biya bashin maƙaryaci ba. Mu da muka yi makarantar zaure mun san wannan tun kafin kwamfuta. Malaman hadisi ba sa karɓar magana sai da isnadi, wane ya ji daga wane, kuma idan mutum ɗaya a sarƙar ya zama abin zargi, an san waɗanne ruwayoyi ne za a sake dubawa. Mu ne muka gaji wannan ilmi, amma muna tara sunayen dubban mutane babu isnadi ko ɗaya.

Wannan ɓangare ɗaya ke nan. Na biyun ya fi tayar mini da hankali.

Ku buɗe wayoyinku yanzu ku duba guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp. Hoton takarda nawa ne a ciki mai ɗauke da suna da lambar waya da NIN, wasu har da BVN da lambar asusun banki? Wanda ya turo yana ganin aiki ya yi. Amma a guruf ɗin akwai wanda ya sauya sheƙa wata uku da suka wuce ba a cire shi ba, akwai wanda ya sayar da wayarsa a Farm Centre bai goge komai ba. Bayan sati biyu sai a kira wata baiwar Allah a ƙauye, a kira ta da cikakken sunanta, a ce daga ofishin tallafi ne, ta karanto lambar da aka turo mata. Ta yarda saboda mai kiran ya san abin da mu kaɗai ta ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kasuwar waɗannan bayanai kuwa tana ci. A watan Yunin 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa akwai shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya, har da NIN da BVN, a kan kuɗin da ya fara daga naira 100. Hukumar NIMC ta musanta cewa an fasa rumbunta. Ko ma ta ina suka fita, mu dai kada su fita ta hannunmu.

Wani zai ce to a cire suna a bar sauran. Wannan ma masana sun gwada, bai tsare kowa ba. A 1997 wata ɗaliba a Amurka, Latanya Sweeney, ta ɗauki bayanan asibiti na ma'aikatan jihar Massachusetts da aka fitar bayan an goge sunaye, ta sayi rajistar masu zaɓe ta garin Cambridge a kan dala 20, ta haɗa su, sai ga bayanan lafiyar gwamnan jihar, William Weld. Daga baya ta nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na Amurkawa ana iya gane su da abu uku kacal: lambar unguwa, ranar haihuwa, da ko namiji ne ko mace. To idan haka ta faru a ƙasar da maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba, ina ga nan? Daga Dambatta zuwa Makoɗa, daga Kunci zuwa Tsanyawa, gona na jingine da gona, gida na kallon gida, ranar kasuwar Badume kowa zai ga kowa. Ka rubuta "bazawara, 'ya'ya biyar, ƙauye kaza", ko yaron da ke kiwon awaki zai nuna maka ƙofar gidanta.

Hatta adadi yana tona asiri. A ce wani ya tambayi sakatare mutum nawa suka yi rajista da mu a wani akwati, ya ce 61. Gobe ya dawo ya ce ban da malaman makaranta fa, ya ce 60. A ƙauyen malamin firamare ɗaya ne. An gama da shi ba tare da an ambaci sunansa ba. A 2003 Irit Dinur da Kobbi Nissim sun tabbatar da lissafi cewa idan aka bari ana ta yi wa rumbun bayanai tambayoyi yana ba da amsa kusan daidai, a ƙarshe za a iya zaƙulo abin da ke ciki. Wannan ya sa a 2006 Cynthia Dwork da abokan aikinta suka fito da dabarar sa ɗan ƙari ko ragi a amsa da gangan, yadda jimilla za ta yi amfani amma ba za a gane mutum ɗaya ba. Amurka ta yi aiki da ita a ƙidayar 2020.

Mu 'yan siyasa mun fi kowa sanin abin da hakan ke nufi. Akwai mai ƙaunarmu a zuci amma gonar da yake nomawa aro ce daga wanda ba ya tare da mu. Akwai ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke tsoron a jefa shi can ƙarshen iyaka. Akwai matar da mijinta ke wani ɓangaren. Waɗannan mutane amana suka ba mu ranar da suka cike fom.

Kuma yanzu ba maganar kirki ba ce kawai, doka ce. Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sa ra'ayin siyasar mutum da jam'iyyarsa cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman, sahu ɗaya da lafiyarsa da addininsa. Ta ba shi ikon ya tambayi me aka ajiye a kansa da inda aka samo, ya sa a gyara kuskure, ya kuma janye amincewarsa. Akwai hukumar NDPC da aka ɗora wa sa ido. A ɗaya hannun, Dokar Zaɓe ta 2022, a lokacin da take aiki, ta wajabta wa jam'iyyu ajiye rajistar 'ya'yansu a takarda da kwamfuta, su miƙa wa INEC kwana 30 kafin zaɓen fidda gwani. Duk wanda ya taɓa ganin rikicin daliget ya san rajistar da ba a san asalinta ba ita ce makamin da ake yanka ɓangare irin namu da shi.

Na san abin da wasu za su ce: idan aka rubuta wanda ya kawo kowane suna, ai an ɗaure hannun shugabanni, siyasa kuma sai da alfarma. Ban musa ba, ni ma an roƙe ni na sa suna, na kuma sa. Amma idan ka yi alfarma ka sa hannunka a kai, ka tsaya ka kare ta. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne alfarmar da ba ta da uba, a cire Baba a sa ɗan gidan wani, sannan a bar yaron da ya zagaya a babur da jin kunya. Wasu kuma za su ce ba mu da kayan aiki. Jihar Kano na da mazaɓu 484, ba kowacce ke da wuta ba balle kwamfuta, gaskiya ne. Sai dai abin da nake nema littafi mai layi da biro sun isa.

Ga shawarata ga shugabanninmu na Kano ta Arewa. A gaban kowane suna a ƙara gurbi uku: wa ya kawo, yaushe, daga wace takarda. Idan za a cire suna kada a goge, a ja layi ɗaya a kai yadda zai karantu, a rubuta dalili da sunan wanda ya ja. Kada a karɓi abin da aikin bai buƙata ba, rabon taki ba ya buƙatar BVN, taron gangami ba ya buƙatar NIN. A haramta tura hoton lis a guruf, wanda ya tura a yi masa magana a gaban kowa. Idan an kai aiki shagon kwamfuta a tsaya a ga an goge kafin a tafi. Mutum biyu kawai a mazaɓa su riƙe cikakkiyar rajista, kuma kada a riƙa faɗin adadin ƙaramin ƙauye ga duk wanda ya tambaya. Ranar da aka kammala lis ɗin rabo, a karanta sunaye kawai a ƙofar gidan mai unguwa kafin a tura, wanda bai ji nasa ba ya yi magana tun da sauran lokaci.

Ni na fara daga kaina. Na bi wayata na goge hotunan takardu da suka taru tun zaɓen 2023, na sayi sabon littafi. Na koma wajen dattijon nan na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma da na zaro biro zan sake rubuta shi sai ya ce, "Bari dai tukuna, ɗana." Ƙuri'a ɗaya ce a akwati, amma gidansa akwai masu kati bakwai, kuma duk sun ji labarin.

Damina na tafe, za a sake cewa a kawo sunaye. Kowane shugaban matasa ya faɗa mana a nan ƙasa yadda ake ajiye lis a mazaɓarsa, amma don Allah kada wanda ya turo hotonsa.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya ba mu damina mai albarka.