Makasan suna da kabari a Maijirgi, waɗanda aka kashe fa?

Matafiyin da ya bar Tasawa ya nufi Damagaram, idan ya tsaya a Maijirgi ya yi tambaya, za a nuna masa kaburbura biyu. Na Paul Voulet ne da Julien Chanoine, hafsoshin Faransa da suka ja ayarin soja suka keta ƙasar Hausa a 1899, suna kisa suna cinna wa garuruwa wuta. Sun yi wa Birnin Ƙonni kaca-kaca a watan Mayu, a Koran Kalgo kuma ko mata da yara ba su bari ba. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori, Voulet ya sa aka harbe Kanal Klobb, wanda gwamnatinsa ta turo ya taka masa birki. Cikin kwana uku sojojinsu baƙar fata suka juya musu bindiga, su biyun.

Makasan nan an san sunansu, an san ranar mutuwarsu, an san inda aka rufe su. Talakawan da suka kashe kuwa, littattafai sai dai su ce "mutane da yawa". Sunayensu, in akwai sauran inda suke, to suna bakin tsofaffin Tasawa da Mayahi da suka ji labari daga kakanni.

A nan ne aikin da Yahudawa suka yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya cancanci a duba shi. 'Yan Nazi sun hallaka musu mutum wajen miliyan 6. A 1953 aka kafa cibiyar Yad Vashem a Birnin Ƙudus, kuma babban aikinta tattara suna: takarda guda ga kowane mamaci, ɗan'uwa ko maƙwabci ya cike, ya rubuta garinsu da sana'arsa da inda aka yi masa ganin ƙarshe. An haura suna miliyan 4 da rabi. A 1994 Steven Spielberg ya kafa gidauniyar da ta naɗi hirar waɗanda suka tsira, sama da 50,000, kafin ƙasa ta rufe idonsu. A titunan Jamus da maƙwabtanta, mai sassaƙa Gunter Demnig yana kafa 'yan duwatsu masu fuskar tagulla a ƙofar gidan da aka fitar da mutum, da sunansa da shekarar haihuwarsa. Sun zarce 100,000.

Yahudawan ba su tsaya ga mamata ba. Ƙungiyar Claims Conference, wadda aka kafa a 1951, har gobe tana zama da gwamnatin Jamus kan kuɗin kula da tsofaffin da suka tsira, waɗanda ta ƙiyasta sun kai 245,000 a farkon 2024. Da kuɗin ake biyan mai zuwa gida ya yi wa tsohuwa wanka, ya dafa mata abinci, ya raka ta likita.

Wani mai karatu zai ɓata rai, ya tuna Gaza. Yana da hujjar fushinsa. Sai dai koyon yadda ake adana sunan wanda aka zalunta bai zama goyon bayan siyasar kowace gwamnati ba, kuma mutanen Ƙonni da Tasawa suna da nasu mamatan da za su ƙirga.

Babu wanda ya ga 1899 da idonsa da ke raye. Jikokinsu ma sun manyanta, wasu ido ya tafi, wasu kunne. Fim ɗin African Apocalypse na 2020 ya bi sawun ayarin, ya kuma nuna cewa labarin yana nan daram a zaure da tsakar gida. Amma fim ɗaya bai isa ya kwashe abin da ke cikin ƙauyuka ba.

Kayan aikin ba su da nisa. Akwai Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, akwai cibiyar CELHTO a Yamai da aikinta ke nan, adana tarihin baka. Akwai fadar Tasawa da masu gari, akwai gidajen rediyon karkara, kuma kusan kowane malamin lakwal yana da wayar da ke naɗar murya. Abin da bai kamata ba shi ne a zo da mota, a kwashi labarin tsoho, a bar shi da tabarmarsa da ciwon ƙafarsa. Duk shirin da za a yi, a haɗa da hatsi da kuɗin magani, musamman lokacin bazara da rumbu ke yin ƙasa.

Malami ɗaya da ɗalibai biyar za su iya farawa daga Maijirgi ranar da babu karatu, da littafin rubutu da waya. Su gaida tsohuwa, su zauna ƙasa, su tambaye ta: "Kaka, wa aka kashe a gidanku, kuma yaya sunansa?"