Awa huɗu a lissafi, kwana guda a hanya

Duk ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ya kai aji biyu zai iya rubuta layi goma da za su auna nisan Kano da Dakar. A ba kwamfuta wurin da kowane gari yake a doron ƙasa, ta yi la'akari da lanƙwasar duniya, ta ce kilomita 2,800 ne da 'yan kai. Jirgin fasinja na cin kilomita 800 a awa guda, wato tafiyar ba ta kai awa huɗu ba. Mu masu rubuta manhaja mun iya wannan lissafi, kuma babu kuskure a cikinsa. Amma je ka tambayi almajiran Shehu Ibrahim Inyass da ke zuwa maulidi Kaulaha kowace shekara, ka ji ko sun taɓa ganin awa huɗun nan a tikitin kasuwa.

Babu jirgin yau da kullum daga Kano zuwa Dakar. Sai ka gangara Legas ko Abuja, wani lokaci ka yada zango a Lome ko Abijan, ka yini a kan kujerar ƙarfe. Manhajar sayar da tikiti ma tana iya nuna maka hanya ta Addis Ababa: ka nufi gabas alhali yamma za ka, ka ci sama da kilomita 9,000, ka wuce ta sararin yankin da ka baro. Tsoho mai ciwon gwiwa ake yi wa wannan.

Kada wani ya ce mana talauci ne. Tun 1999 ƙasashen Afirka 44 suka amince a Yamusukuro cewa za su buɗe wa jiragen juna sararin samaniyarsu. A Janairun 2018 aka sake taruwa a Addis Ababa, aka ƙaddamar da kasuwar jiragen sama ta bai-ɗaya, Najeriya na sahun farko. An tafa, an ɗau hoto. Aka koma gida, kowace gwamnati ta ci gaba da riƙe izinin sauka kamar gadon ubanta, tana lafta haraji a kan tikiti, wai tana kare kamfanin ƙasa. Wane kamfanin? Air Afrique ya mutu a 2002, Nigeria Airways ya bi shi a 2003. Gadin kabari ake yi.

Turai ta gama buɗe nata sararin a 1997. Lizbon da Warso nisansu kusan ɗaya da na Kano da Dakar, kuma mutum na karya kumallo a can ya ci abincin rana a nan.

Abin takaicin, a Kano jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a 1925. Shekara ɗari ke nan. Ministocin sufurin jiragenmu su fito su gaya mana sakin layin yarjejeniyar 1999 da ya gagare su, da kuma wanda yake cin ribar gagarar.