SABON GIDA, TSOFFIN KAYA: AMSA GA MASU TAMBAYA A KAN LINUX

Wannan mako ina so in amsa wata tambaya wadda ta yi ta zuwa cikin wasiƙunku, musamman daga akawuna da malaman makaranta. Duk kukansu ɗaya ne: an cire musu Windows daga kwamfuta, an sa musu Linux, sun zauna za su yi aiki sun rasa inda aka ajiye kome. Wani ya ce bai ga takardunsa ba, wani ya ce Word ta ɓace, wani kuwa ya ce ƙa da ɗa da ɓa sun ƙi fitowa, har yana shawarar komawa inda ya fito. To, baƙo ko da ido makaho ne, amma matambayi ba ya ɓata. Bari mu bi maganar daki daki.

Da fari, me ya kawo ƙaurar? Windows da Linux ko wace ɗaya uwar manhaja ce, watau babban tsarin da ke riƙe da na'ura, sauran manhajoji duk a ƙarƙashinta su ke aiki. Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows 10 cikin 2015, ya shekara goma yana aiko mata da gyara, sa'an nan ran 14 ga Oktoba 2025 ya daina, sai dai ga waɗanda suka shiga wani shiri na ƙarin wa'adi. Na'ura ba ta mutuwa don wannan. Amma in ɓarayin intanet suka gano wata sabuwar kafa, ba mai zuwa ya toshe ta. Magajiyarta kuwa, Windows 11, wadda ta fito cikin 2021, ta zo da sharuɗɗa, cikinsu har da wani ɗan abin tsaro da a ke kira TPM 2.0, da inji wanda bai tsufa ba. Kwamfutocin hannu da yawa da ke ofisoshinmu da makarantunmu ba su cika sharuɗɗan ba, sabuwa kuwa ba ko wane albashi ke ɗaukarta ba.

Ita Linux, wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara ta cikin 1991, kyauta kuma a ke samunta. Tana da iri iri. Akwai Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya kafa cikin 2004. Akwai Linux Mint, wadda ta fito cikin 2006, an gina ta bisa Ubuntu. Zan yi magana a kan Mint mai fuskar Cinnamon, domin ita ta fi kama da abin da kuka saba, kuma gigabait 2 na ƙwaƙwalwar aiki da gigabait 20 na wurin ajiya sun isa ta tashi, ko da ya ke 4 sun fi daɗin aiki.

Na ɗaya, ƙofar shiga. Dubi kusurwar ƙasa ta hagu, inda Start ta ke a da. Jerin manhajoji yana nan. Ko maɓallin nan mai tambarin Windows ka danna, zai buɗe, ka rubuta sunan abin da ka ke nema ya fito. Agogo da sauti da alamar intanet suna ƙasa ta dama, wurinsu na da. Hannunka ma ba ya bukatar sabon karatu: Ctrl da C kwafi, Ctrl da V liƙawa, Ctrl da S ajiya, Ctrl da Z komawa baya, Alt da Tab sauya taga.

Na biyu, takardu. Nan ne bambanci ya fi rikita mutane, domin babu C: babu D:. Ko wane mai amfani da na'urar yana da jaka tasa mai suna Home, cikinta akwai Documents da Downloads da Pictures. Manhajar da ke buɗe jakunkuna sunanta Nemo. In ka sa filash, sunanta zai bayyana a gefen hagu, nan kuma kwandon shara ya ke. Akawu ya lura da abu guda: Linux tana bambanta babban baƙi da ƙarami, saboda haka "Albashi" da "albashi" takardu biyu ne a wurinta. Ga wanda ya ce bai ga tsoffin takardunsa ba, amsa ta dogara ga yadda aka yi aikin. In an ajiye Linux kusa da Windows, duba gefen hagu na Nemo, sashen Windows yana nan. In kuwa an share faifan duka kafin a sa ta, ba jakar da za ta nuna su, sai kwafin da aka ajiye waje. Don haka wanda bai ƙaura ba tukuna, ya kwashe kome nasa cikin filash, ya buɗe ya tabbata sun shiga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, Word da Excel. Madadinsu LibreOffice, wadda aka kafa cikin 2010, tana zuwa tare da Mint. Writer ita ce ta rubutu, Calc ta lissafi da jadawalin sakamakon jarrabawa, Impress ta nuna darasi a allo. Suna buɗe takardun Word da Excel. Amma ga wurin da za a yi hattara: Writer ta saba ajiya da irin nata, mai ƙarewa da odt. In takardar za ta tafi wani ofis, zaɓi docx wajen ajiya, in kuwa ba gyara za a yi mata ba, mai da ita PDF, ba layin da zai goce. Salon baƙaƙen Times New Roman ba ya zuwa da ita, amma akwai Liberation Serif, wanda aka auna faɗin baƙaƙensa daidai da na wancan, domin shafi ya tsaya yadda ya ke.

Na huɗu, baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Wannan ya fi damuna, domin ƙasa daban kasa daban, ɓata daban bata daban, kuma abin kunya ne malami ya raba wa yara takarda da irin wannan kure. Shiga System Settings, wadda ta tsaya a matsayin Control Panel, je wurin Keyboard, ƙara sabon tsarin maɓallai. Cikin jerin akwai Hausa ta Nijeriya, akwai ta Gana. Da ka ƙara, wata 'yar alama za ta fito kusa da agogo, da ita za ka riƙa sauyawa. Malamai masu rubutun Larabci, shi ma yana cikin jerin nan, sai dai a shiga wurin harsuna na LibreOffice a kunna rubutun dama zuwa hagu.

Na biyar, sa sabuwar manhaja. Fayil mai ƙarewa da exe na Windows ne, dannawa ba ta sa shi aiki a nan. Je Software Manager, nemi abin da ka ke so, danna ta sa maka. Za ta tambayi kalmar sirri. Wannan tsaro ne, kada ka ɗauka na'ura ta lalace. Alamar garkuwa kusa da agogo ita ke gaya maka gyara ya zo, kada ka ƙyale ta, don saboda gyaran nan ka yi ƙaura. System Monitor ita ce madadin Task Manager in wata manhaja ta ƙage. Timeshift kuwa tana mai da tsarin na'ura yadda ya ke jiya, amma ba ta tsare takardunka ba, wannan aikin filash ne.

Gaskiya dai ɗaya ce, akwai abin da ba za a samu ba. Photoshop da CorelDRAW na zamanin nan ba a yi su domin Linux ba. Akwai GIMP da Inkscape, amma wanda abincinsa ke wurin zanen katin biki da kalanda sai ya sake koyo, kuma ba lalle fayil ɗin abokan cinikinsa su buɗe daidai ba. Haka wanda ofishinsa ya ɗora masa wata manhaja ta Windows kaɗai. Irin waɗannan shawarata su nemi na'ura mai ɗaukar Windows 11. Wanda ke shakka kuwa, ana iya tayar da Mint daga filash a gwada ta ba tare da an taɓa faifai ba. Gwada firinta, gwada intanet, buɗe takardun ofis. Gani ya kori ji.

Amma kai akawu ko malami da aikinka bai wuce wasiƙa da jadawali da intanet ba, kada sunaye su firgita ka ka koma kan Windows wadda aka daina gyarawa, alhali cikin na'urar akwai sunayen ɗalibai, da lissafin ofis, da asirin ajiyarka ta banki. Sabo turken wawa ne. Rubuta sunayen nan da na lissafa a 'yar takarda, liƙa ta jikin tebur, yi aiki da ita mako biyu, sa'an nan ka yanke shawara. Wanda ya gamu da abin da ban ambata ba, ya rubuto ta hannun Edita, ya faɗi irin na'urarsa da irin Linux da aka sa masa.

Allah ya sa mu dace, amin. Haza wassalamu.