Lambun Makaranta: Na Unguwa Ne Ko Na Hedimasta?

Duk wanda ya yi firamare ko sakandare a ƙasar nan ya san gonar makaranta, kuma da wuya ka sami mai tuna ta da alheri. Wurin horo ce. Ka makara a miƙa maka fartanya, ka yi surutu a aji a yanka maka kunya biyar. In masara ta nuna kuwa, sai a gan ta ɗaure a bayan babur ɗin wani malami. Shi ya sa da zarar an ce a yi lambu a makarantar cikin gari sai jama'a su taɓe baki. Ni kuwa a ganina lambun yana da amfani ƙwarai, amma da sharaɗi guda: mutanen unguwa su yi shi da hannunsu, su kuma san nasu ne.

Mun riga mun gwada na umarni daga sama. A shekarar 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka ce makarantu da gidaje kowa ya noma ɗan filin da ke gare shi. A 1980 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta zo da nata shirin bunƙasa noma. To, mai karatu, ina gonakin suke yau? Wasu an gina ajujuwa a kansu, wasu sun zama juji.

Mu duba wata makaranta a garin Bakli da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda ke ɗauke da sunan Martin Luther King. A 1995 wata shahararriyar mai gidan abinci, Alice Waters, ta haɗa kai da shugaban makarantar da malamai da iyaye, suka fasa wani fili mai faɗin eka ɗaya da kwalta ta rufe, suka mai da shi lambu. Daga baya suka gyara tsohon ɗakin girkin makarantar, ya zamana yara su shuka, su tsinka, su dafa, su zauna su ci tare. Abin da ya fi burge ni shi ne wannan na ƙarshe, domin kuwa yaron da ya san tukunyar tasa ce ba sai an bi shi da bulala zai yi ban-ruwa ba.

Na san za a ce can akwai kuɗi, kuma gaskiya ne. Amma abin da ke kashe lambun makaranta a wurinmu ba rashin kuɗi ba ne kaɗai. Hutu ne. Dogon hutu yana kamawa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, wato cikin damina, lokacin da ciyawa ke cin shuka a mako biyu. Malamai sun tafi, an garƙame ƙofa, awakin maƙwabta sun gano ɓarakar katanga. Da rani kuma sai tambayar wa zai jawo ruwa ran Asabar da Lahadi. Hedimasta ba zai iya ba, ko da yana so, kuma gobe ana iya yi masa canji. Mai shagon bakin ƙofa da tsohuwar da jikokinta ke aji uku kuwa suna nan daram. In an ba kowane gida kwami biyu, aka yarda rabin amfanin nasu ne rabi na yara, ba wanda zai bari akuya ta shiga.

Fili ma ba hujja ba ne. Inda aka malale da siminti, ko ƙasar ta sha baƙin mai da shara, buhun shinkafa da aka cika da ƙasa mai kyau da taki ya isa. Alayyahu cikin wata guda an fara yanka, kuɓewa wajen wata biyu, zogale kuwa reshe kawai za a kafa a jikin katanga. Malaman aikin ma ba nisa: a Legas da Ibadan akwai 'yan uwanmu masu lambu a bakin rafuka da gefen gari, waɗanda sun fi littafi sanin yadda ake renon latas.

Mu ɗaliban harshe muna da namu rabo a ciki. Yaron da aka haifa a Agege ko Sabon Ibadan yana shan miyar kuka, amma tambaye shi bambancin rama da yakuwa, ko lalo da karkashi, sai ya yi zuru. Kalmomi irin su firi da maimai da huɗa ba sa zama a kan wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Sashenmu na iya ɗaukar makaranta ɗaya da ke kusa, mu rubuta wa kowace shuka allo da Hausa da Yarbanci da Ibo, mu kuma naɗi bayanin dattawan lambu da bakinsu. Katako da fenti kawai za mu saya, ga kuma abin rubuta kundin kammala digiri ga mai so.